Laurence Olivier da Sana'ar Wasan Kwaikwayo a Ingila

An haifi Laurence Olivier a garin Dorking na ƙasar Ingila a shekarar 1907, kuma ya goge a sana'ar wasan kwaikwayo ne a Birmingham daga 1926, ƙarƙashin tsarin da ake kira rafatori, wato tsarin da ƙungiya guda ta 'yan wasa ke zama a gidan wasa ɗaya tana sauya wasanni a kai a kai, ta yadda matashi zai fito yau a matsayin sarki, gobe bawa. Wannan horo, wanda talabijin ta raunana daga baya, shi ne ya ba shi ƙwarewar sauya murya da kamanni da ya shahara da ita a wasannin Shakespeare.

Fim ɗinsa na Hamlet, wanda ya ba da umarni kuma ya fito a cikinsa a 1948, ya samo masa lambar yabo ta Oscar, sannan a 1963 ya zama shugaban farko na Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Landan. Sai dai ƙwarewar tasa ba ta rasa abin suka ba, domin ya shafa baƙin fenti a fuska ya fito a matsayin Othello, haka kuma ya yi a fim ɗin Khartoum na 1966 inda ya fito a matsayin Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, al'adar da masu sana'ar suka yi watsi da ita a yau. Ya ƙarasa rayuwarsa yana fitowa a talabijin, ya rasu a 1989.