Gardamar Masu Kallo kan Sahihancin Kimiyya a Fim ɗin The Abyss

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wuraren da masoya fim ɗin The Abyss (1989) na James Cameron ke jayayya a kansu, ta auna su da abin da kimiyyar nutso ta tabbatar. Ra'ayinta shi ne, mai kallo yakan yafe wa fim ƙagen abin da babu shi, amma da wuya ya yafe masa karya dokar da shi da kansa ya koyar.

Gabatarwa

Labarin ya gudana ne a Deepcore, wani dandalin haƙar mai da ke zaune a ƙasan teku, zurfin kimanin mita 500, a bakin ramin Cayman. An ɗauki yawancinsa a wata tashar nukiliya da ba a gama ginawa ba, kusa da Gaffney a jihar Carolina ta Kudu a Amurka, bayan an zuba mata ruwa galan miliyan 7.5. 'Yan wasan sun koyi nutso da gaske. Wannan ƙoƙarin ne ya jawo wa fim ɗin ma'auni mai tsauri, musamman daga masu sana'ar nutso.

Shaƙar ruwa

Wurin da sababbin masu kallo suka fi ƙaryatawa shi ne inda aka tsoma ɓera cikin wani ruwa, ya ci gaba da numfashi. Alhali kuwa nan ne fim ɗin ya fi gaskiya. Ruwan sinadari ne na ajin farfulorokabon, mai riƙe iskar oksijin da yawa, kuma tun 1966 Leland Clark da Frank Gollan suka nuna ɓeraye na rayuwa a cikinsa. Ɓeran fim ɗin ya shaƙe shi da gaske, har hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta sa aka yanke wurin.

Sai dai abin da ya yiwu ga ɓera bai tabbata ga mutum ba. A wurin da aka nuna Bud yana shaƙar ruwan, Ed Harris, wanda ya fito a matsayinsa, riƙe numfashi ya yi. Sinadarin ya kusa ninka ruwa nauyi, don haka tsokar ƙirjin mutum ba za ta iya shigar da shi da fitar da shi da saurin da zai kwashe gurɓatacciyar iskar jiki ba, balle ga mai aikin ƙarfi cikin sanyi. Masu karewa da masu suka, kowa ya riƙe ɓangaren gaskiya.

Matsi da dokarsa

Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar doron ƙasa. A mita 500 ya kai ninki 51. Masu aiki a irin wannan zurfin cakuɗen hiliyom suke shaƙa, muryarsu ta koma siririya, da ƙyar ake gane ta. Fim ɗin ya bar wa kowa muryarsa, kuma yawancin masu gardama sun yafe wannan, don in ba haka ba labarin ba zai saurare ba. Rawar hannun da aka nuna Laftanar Coffey na yi a fim ɗin ma tana da tushe: Peter Bennett ya bayyana wannan cutar jijiyoyi ta matsi a 1965, ko da yake haukan da aka ɗora a kanta ya wuce gona da iri.

Inda gardama ta fi zafi shi ne ƙarshe. Fim ɗin ya riga ya faɗa cewa fitowa daga Deepcore sai an yi makonni ana rage matsi sannu a hankali, kuma haka abin yake, don kowace mita 30 tana cin kusan kwana guda. Sai ga wasu halittun ƙasan teku sun ɗago dandalin zuwa sama nan take, kowa ya fito lafiya, Lindsey, ɗaya daga cikin mutanen dandalin, ta ce wataƙila halittun sun yi musu wani abu. A ganina masu suka ne da gaskiya a nan. Babu wanda ya nemi hujjar samuwar halittun, amma dokar matsi an yi awa biyu ana gina fargabar mai kallo a kanta. Kuma masu nutso ba su manta da hatsarin dandalin haƙar mai na Byford Dolphin ba, inda a Nuwamba 1983, a Tekun Arewa, matsi ya faɗi farat ɗaya daga ninki 9 zuwa 1, mutum biyar suka mutu.