Jirgin Kuza da Tashoshin da Ya Bari a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya tashi daga Zariya ya nufi Jos ta hanyar Pambeguwa zai wuce Soba da Dutsen Wai. Yawancin fasinjoji ba sa ko ɗaga kai daga waya. Kaɗan ne suka san cewa waɗannan garuruwa sun taɓa zama tashoshin jirgin ƙasa, jirgin da ya yi sama da shekara arba'in yana kai da kawowa, sannan aka tattara shi kamar ba a taɓa yi ba.

Labarin ya faro ne daga babban layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka soma a 1907 zamanin Gwamna Girouard, mutumin Kanada da aka kawo don ƙwarewarsa a aikin dogo. Layin ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Talakawa ne suka haƙa shi da diga da kwando, akasarinsu ba da son ransu ba, domin ta hannun hakimai da dagatai ake tara su. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ga aikin da idonsa, har ya yi masa waƙa, ita ce Waƙar Diga.

A daidai lokacin nan Turawan kamfanoni sun dira a kan tsaunukan Jos suna haƙar kuza. Matsalarsu ɗaya ce: yadda za a fitar da ita. 'Yan dako ne ke ɗauka a ka har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki. Sai gwamnati ta yanke shawarar jan reshe daga Zariya. Ya kai Rahama a 1912, ya hau tsauni ya isa Jos da Bukuru a 1914. Sunansa a takarda ƙaramin layin Bauchi, ko da yake bai taɓa taka garin Bauchi ba. A wancan zamani tsaunukan Jos suna cikin lardin Bauchi ne.

A nan ne aka yi tsimin da ya zama ajalinsa. Faɗin babban layi ƙafa uku da rabi ne, shi kuwa wannan an yi shi ƙafa biyu da rabi don a rage kuɗi, kuma ya iya lanƙwasa a cikin duwatsu. Ma'ana tarago ɗinsa ba ya hawa babban layi, na babban layi ma ba ya hawa nasa. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwo: ka gina abu biyu da ba sa jin yaren juna, sai ka dawwama kana biyan mai yi musu tafinta. A tashar Zariya tafintan nan lebura ne, da wuyansa da gadon bayansa.

Amma ga mutanen Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama, jirgin ya wuce batun kuza. Manomi ya sami inda zai kai auduga ba tare da ya kwana a hanya da jaki ba, ga kuma injin gurzar auduga na kamfanin BCGA a Zariya yana jira. Hatsi ya riƙa hawa tsauni don ciyar da dubban ma'aikatan haƙa. Ita kanta Zariya ta canza fuska. Sabon Gari ya bunƙasa a gefen tasha da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, Tudun Wada ta karɓi baƙi 'yan Arewa, Birni kuma yana can cikin ganuwarsa. Da aka kammala reshen Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, sai garin ya zama mahaɗar hanyoyi huɗu.

Sai dai kafin nan an riga an sare wa ƙaramin jirgi gwiwa. A 1927 layin gabas mai cikakken faɗi ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa Fatakwal, babu sauke, babu sake lodi. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da jan ƙafa na shekara talatin da fasinja da kayan gona, manyan motoci suna ta cinye masa kasuwa. A 1957, shekara biyu bayan kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, aka rufe shi.

A ganina lissafin hukumar bai yi kuskure ba, in dai kuza ce kaɗai abin lissafi. Ba don mutanen Dutsen Wai aka shimfiɗa dogon ba, shi ya sa ranar ɗauke shi ba su da ta cewa. Wannan ne ya sa nake sa ido kan sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Faɗinsa milimita 1,435, tsohon kuwa 1,067, wato Zariya za ta sake zama da dogo iri biyu da ba sa haɗuwa. Abin da ya kamata mutanen Dutsen Abba da ƙauyukan da ke gefen layin su tambaya tun yanzu shi ne: a ina jirgin zai riƙa tsayawa, kuma wa zai riƙa ɗauka?

Wanda ke son ganin ƙaramin jirgin da idonsa sai ya je gidan tarihi na Jos. Akwai kawunansa a ajiye a can, a fili.