F.V.V.A.: fim ɗin Moustapha Alassane da waɗanda suka yi aikinsa

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, da 'yan uwa mazauna waje, yau ga bayani a kan wani tsohon fim na Nijar mai ban dariya da wa'azi. Sunansa F.V.V.A., ya fito a 1972. Haruffan nan huɗu farkon kalmomin Faransanci ne da ke nufin mata, mota, gida na alfarma da kuɗi, wato burin matasan ma'aikata bayan samun 'yancin kai a 1960.

Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Iyayensa suka yi masa aure ba da zaɓinsa ba, shi kuma ga son burga. Albashi ya kasa, sai ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, aka kama shi aka kai gidan kaso. Nan kowa ya watse, sai uwargidan da ya raina ce ta tsaya tana jiransa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Wanda ya shirya fim ɗin shi ne Moustapha Alassane. An haife shi a N'Dounga a 1942. Makanike ne tun farko, sannan ya koyi aikin silima a Yamai tare da Bafaranshe Jean Rouch, ya ƙaro ilimi a Kanada. Fim ɗinsa Aouré na 1962 ma a kan aure yake. Daga baya ya zauna a nan Tahoua, ya ci gaba da aikinsa na fim ɗin zane, har ya rasu a Wagadugu a 2015.

Cikin 'yan wasan akwai Zalika Souley, ɗaya daga cikin matan farko da suka shiga silima a Nijar, a zamanin da ake zagin mace in ta fito a fim. Ta rasu a 2021. Akwai Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama mai shirya fim da kansa, da Sotigui Kouyaté na Burkina Faso, wanda ya ci lambar gwarzon ɗan wasa a Balin ta Jamus a 2009.

Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma auren dole da cin bashi don a burge mutane suna nan a garuruwanmu. Masu tura kuɗi gida daga ci-rani sun fi kowa sanin nauyin wannan magana.