Tarihin Amana Tsakanin Buɗaɗɗiya da Rufaffiyar Manhajar Sauti da Bidiyo

Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato jerin umarnin da masu ƙirƙirarta suke rubutawa kafin a juya shi zuwa abin da kwamfuta take ganewa. Wadda aka bar rubutunta a fili domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma raba, ita ake kira buɗaɗɗiya, wadda kuwa kamfani ya kulle nata ita ce rufaffiya. Domin samar da buɗaɗɗun manhajoji ne Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka a shekarar 1983, sannan a 1989 aka fitar da lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk mai raba manhajar da ya gyara ya bayyana gyaran nasa. Sai dai batun bai dami jama'a ba sai da kwamfuta ta zama abin sauraren waƙa da kallon fim, domin abin da mutum yake saurare a ɗakinsa yana daga cikin sirrinsa.

A shekarar 1999 aka gano cewa RealJukebox, manhajar kamfanin RealNetworks, tana aika wa kamfanin bayanan waƙoƙin da mutane suke saurare tare da lambar da ke bambanta kowane mai amfani, lamarin da ya sa kamfanin ya nemi afuwa ya fitar da gyara. Abin da ya fi wannan muni ya auku a ƙarshen Oktoban 2005, lokacin da masanin kwamfuta Mark Russinovich ya bankaɗo cewa wasu fayafayan CD na kamfanin Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a cikin Windows da zarar an saka su, da nufin hana kwafar waƙa. Manhajar tana ɓoye kanta daga idon mai kwamfutar, masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta kuma suka fake a bayanta, har kamfanin ya janye fayafayan daga kasuwa, ya kuma fuskanci shari'o'i.

Buɗaɗɗun manhajoji sun daɗe suna shan suka kan wahalar sarrafawa, kuma manhajar kallon bidiyo ta VLC ce ta karya wannan zargi. Ɗaliban makarantar École Centrale ta Faransa ne suka fara aikinta a 1996 domin watsa bidiyo a harabar makarantarsu, aka sake ta ƙarƙashin GPL a 2001. Ta samu karɓuwa saboda tana buɗe kusan kowane irin fayil na sauti da bidiyo ba tare da mutum ya je neman ƙarin wata manhaja ba, kuma ƙungiyar VideoLAN da ke kula da ita, ƙarƙashin jagorancin Jean-Baptiste Kempf, ta ƙi sanya talla a cikinta.

Duk da haka, buɗe rubutu bai isa ya zama shaidar gaskiya ba, kamar yadda labarin Audacity ya nuna. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka ƙirƙiro wannan manhaja ta tace sauti a Jami'ar Carnegie Mellon, aka fitar da ita a shekarar 2000. Bayan da kamfanin Muse Group ya mallake ta a 2021, sai aka gabatar da shirin tattara bayanan masu amfani ta hanyar Google da Yandex, amma da yake a bainar jama'a ake sauya rubutun, an ga shirin tun kafin ya isa kwamfutar kowa. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye, wasu kuma suka kwashi rubutun suka kafa wata sabuwar manhaja mai suna Tenacity.

Bambancin a bayyane yake: ta'asar RealNetworks da Sony BMG sai da ta shiga gidajen mutane kafin a gano ta, ta Audacity kuwa tun a ƙofa aka tare ta. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta hana kamfani kwaɗayi, amma tana bai wa jama'a ikon dubawa da ikon ƙaura, kuma a kan waɗannan biyu amana ta gaskiya take tsayawa.