ZARE: Bindigar da ba ta zaɓen abinci da wadda sai harsashinta 🧵

1/ Na je gida Tarai hutu, na ga tsohuwar bindigar tokar kakana a rataye. Na ce Baba, wane harsashi take ci? Ya yi dariya ya ce: "Wannan ai ba ta zaɓen abinci." Amsar nan ta hana ni sakat. Ku biyo ni.

2/ Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, sai dalma ko guntun ƙarfe. Ko ƙirar Ingila ce ko ta maƙerin garinku, duk ɗaya. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu har albarushi da igwa ake haɗa masa a Zinder.

3/ Sai Turai ta fito da bindigogin da ake sa wa harsashi mai kwanso ta baya. Nan labari ya sha bamban. Snider da Martini-Henry duk na Ingila ne, amma kowacce da harsashinta. Gras ta Faransa ta 1874 ita ma da nata, milimita 11.

4/ Wato ka sayi bindiga mai tsada, harsashinta ya ƙare, na abokinka bai shiga ba. Shi ke nan, ta zama sanda. Kamar wayarka ta mutu kuma cajar ɗakin duk ba bakinta ba ce, sai dai a nan rai ake magana.

5/ Turawa sun san haka sarai. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 suka taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsashinsu a mafi yawan Afirka. Bindigar toka da albarushin kasuwa kuwa suka bari a ci gaba da sayarwa. Kun ga lissafin?

6/ Wanda ya gane wasan shi ne Samori Ture, can ƙasar Gini. Ya fi karkata ga Gras da Kropatschek, waɗanda harsashi ɗaya suke ci. Sojojinsa na tsince kwanson da aka harba, maƙeransa su sake cika shi, har kwaikwayon bindigar suke ƙerawa. Sai 1898 Faransa ta kama shi.

7/ Mu dawo gida. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya. Ta fasa Bebeji, nan kusa da mu, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato.

8/ Ana yawan cewa "ai ba mu da bindiga ne". Kano na da bindigogi, wasu ta hanyar Tarabulus suka zo. Amma iri-iri ne, an saye su nan da can. Su kuwa sojojin Morland tsari ɗaya, akwatin harsashi ɗaya ya ishi kowa, ga Maxim da igwa.

9/ Ban ce wannan kaɗai ya ci Kano ba. Akwai tabon yaƙin basasar 1893 zuwa 1895, akwai bambancin horo. Amma mai riƙe da harsashi shi ke da iko da bindigarka, ko da tana kafaɗarka.

10/ Don haka in kun ga 'yan bindiga na ɓarin wuta a hawan Sallah a Rano, ku kalle su da kyau. Waccan ce bindigar da maƙerin gari zai gyara ba tare da jiran jirgi ba. Allah ya jiƙan magabata. In akwai irinta a gidanku, ku tambayi tsofaffi labarinta tun suna nan, ku ajiye mana a ƙasa 👇