Yaƙin Garwa da Sunayen da ke Jikin Lambobin Soja

A watan Agusta na 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka kai wa Jamusawa hari a Garwa, babban birnin yankin da Poli take ciki a yau. Aka fatattake su, har aka kashe kwamandansu, Maclear. Sai ranar 10 ga Yuni 1915 garin ya faɗi, bayan Kanar Cunliffe da Faransawa sun yi masa ƙawanya. Galibin mayaƙan 'yan Afirka ne, kuma da Hausa ake ba sojan Najeriya umarni.

Bayan yaƙi Ingila ta raba lambobin yabo, ciki har da tauraron 1914-15 da lambar nasara. A jikin kowace an buga sunan soja da lambarsa da muƙaminsa da rundunarsa. Wannan ya sa masu tara kayan tarihi suke rububinsu a gwanjo.

Chari Maigumeri sojan Jamus ne da aka kama a Garwa. Ya shiga rundunar Najeriya a 1917, ya sami lambar jarumta a Yaƙin Duniya na Biyu, yau kuma barikin soja na Lakwaja sunansa yake amsawa.

Irinsa kaɗan ne aka rubuta tarihinsu. Sauran kuwa, sau da yawa lambar nan ita ce shaidar da ta rage wa iyalinsu. Saboda haka ɗalibin da ya ga irinta a gida, ya kwafe rubutun jikinta, ya tambayi dattawa labarin mai ita, tun dillali bai zo ba.