Tsargiya a yankin noman rani na Kura da Bunkure: asalinta, gwajinta da hanyar yaɗuwarta

Tsargiya cuta ce da wata tsutsa mai rayuwa a cikin jijiyoyin jini take haddasawa, kuma alamarta da kowa ya sani a ƙasar Hausa ita ce ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Likitoci na kiranta bilharziya, daga sunan Theodor Bilharz, likitan Jamus da ya fara ganin tsutsar a shekarar 1851 lokacin da yake aiki a wani asibiti a Alƙahira. Cutar ta girme shi nesa ba kusa ba, domin a 1910 an gano ƙwanta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, waɗanda suka rayu kimanin shekara 3,000 da suka wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum sama da miliyan 250 ne suke buƙatar maganinta, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan buƙata suna Afirka. Najeriya na sahun gaba a cikin ƙasashen da ta fi addaba. A Jihar Kano, yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam na cikin wuraren da ta samu gindin zama, kuma dalilin hakan yana tattare da ruwan da ya azurta yankin.

Ruwan Tiga da abin da ya zo da shi

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ne babban kanal yake ɗauko ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke shayar da dubban kadada a Kadawa, Kura, Bunkure da kewaye, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafar Kura da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan duk albarkacin wannan ruwa ne.

Kafin madatsar, tafkuna da kududdufai kan ƙafe da rani, sai yaɗuwar cutar ta tsagaita na wasu watanni. Noman rani ya rage wannan hutu. Yanzu akwai ruwa mai tafiya a hankali kusan duk shekara, ga ciyayi a bakin magudanai, ga tafkunan ajiyar ruwa, ga kuma mutane a ciki tun daga hantsi har la'asar: mai dashen shinkafa, mai ban ruwa, masunci, mai wanki, da yaran da zafin bazara ya koro su iyo. Irin wannan wuri ne ƙaramin dodon koɗin da ke goyon cutar yake so.

Haka ta faru a wasu ƙasashe. Bayan kammala madatsar Akosombo a Ghana a 1965, tsargiya ta mamaye ƙauyukan bakin Tafkin Bolta. A Senegal kuwa, shekara biyu kacal bayan gina madatsar Diyama a 1986, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll, inda a da ba a san ta ba.

Rayuwar tsutsar

Iri biyu ne suka fi damun Najeriya. Schistosoma haematobium ita ce ta mafitsara, mai jawo fitsarin jini, kuma ita Bahaushe yake nufi idan ya ce tsargiya. Schistosoma mansoni kuwa tana zama a jijiyoyin hanji, ɓarnarta a hanji da hanta take, kuma sau da yawa mai ita bai ma san yana da ita ba. Kowace da irin dodon koɗinta: ta mafitsara tana bi ta jinsin Bulinus, ta hanji ta jinsin Biomphalaria. Dukansu ƙanana ne, da wuya su wuce girman farce, suna maƙale a jikin ciyawa da ganyen da ke cikin ruwa. Ba su ne manyan dodon koɗin tudu da ake ci a kudancin ƙasar nan ba.

Zagayen yana farawa ne lokacin da mai cutar ya yi fitsari ko bahaya a cikin ruwa ko a bakinsa. Ƙwan da ya fita tare da ƙazantar yakan ƙyanƙyashe da zarar ya taɓa ruwa, wata 'yar halitta mai gashi-gashi ta fito tana iyo. Sa'o'i kaɗan gare ta. In ba ta samu dodon koɗin da ya dace da ita ba, ta mutu. In kuwa ta samu, sai ta shige jikinsa ta yi ta hayayyafa, bayan mako huɗu zuwa shida dodon koɗin ya fara sakin dubban 'ya'ya masu wutsiya mai baki biyu. Ido ba ya ganinsu. Sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da manomi yake tsaye a cikin fadama, yara kuma suke tsalle cikin kanal.

Ta fata suke shiga. Ba sa buƙatar rauni ko kaushi, cikin 'yan mintuna sun huda lafiyayyar fata sun yar da wutsiya sun bi jini. Wasu kan ji ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a wurin, wasu ba sa jin komai. Daga nan sai huhu, sai jijiyoyin hanta, inda suke girma su zama tsutsotsi masu tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. Namijin ya fi kauri, yana da wani tsagi a tsawon jikinsa inda yake rungume macen, a haka suke tafiya tare zuwa jijiyoyin mafitsara ko na hanji, a haka kuma suke ƙare rayuwarsu. Sukan yi shekara uku zuwa biyar, wasu ma fiye da haka sosai, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Na farko, tsutsar ba ta ƙaruwa a jikin mutum. Yawanta ya danganta ne da yawan shigarsa ruwa mai cutar, shi ya sa yaron da ke wuni a kanal ya fi wanda ya shiga sau ɗaya jin jiki. Na biyu, ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko ta kwanciyar aure, ko ta tsallake fitsarin wani. Dole sai ta bi ta dodon koɗi, kamar yadda Robert Leiper ya tabbatar a Masar a 1915.

Ɓarnar ƙwai

Ita kanta tsutsar ba ta cika yin illa ba, ƙwanta ne masifar. Kowane ƙwai yana da ƙaya, kuma sai ya ratsa bangon mafitsara ko na hanji kafin ya fita, wannan ratsawa ce take kawo jinin. Kaso mai yawa na ƙwan ba ya samun fita. Yakan maƙale a cikin nama, jiki ya kewaye shi da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabo kan tabo shekara da shekaru.

A mafitsara, abin kan fara da zafin fitsari da yawan jin fitsari. In aka daɗe, bangonta ya yi kauri ya taurare, bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ya tsuke, fitsari ya riƙa taruwa a sama har ƙodar ta kumbura ta lalace. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsargiyar mafitsara a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne jinin kan ragu ko ya ɗauke idan yaro ya girma, sai a ɗauka ya warke, alhali tabon yana nan.

A tsargiyar hanji, ƙwan kan bi jini ya taru a hanta. Alamun farko ba su da wani armashi: ciwon ciki, gudawa, wani lokaci da jini. Amma bayan shekaru hanta kan taurare, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, jijiyoyin maƙoshi su buɗe, har mutum ya yi aman jini.

Mata suna da nasu kason da ba a cika magana a kansa ba. Ƙwan kan maƙale a mahaifa da bakinta da farji, ya jawo ƙaiƙayi, fitar ruwa, zubar jini bayan saduwa, ciwon mara, wani lokaci har rashin haihuwa. Da yake alamun sun yi kama da na ciwon sanyi, ana iya shafe shekaru ana ba mace maganin abin da ba shi ke damunta ba, a wasu gidajen ma har zargi ya shiga tsakani, alhali wanki ne ko dashen shinkafa ko iyon ƙuruciya ya jawo. Ga yara kuwa, ƙarancin jini, rashin girma da kasala a aji su ne harajin yau da kullum. A wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji, wasu kuma su ɗora wa zafin rana laifi. Babu ɗaya daga cikinsu da yake daidai, kuma wannan fahimta ta hana yara da yawa zuwa asibiti.

Yadda ake gano ta

Gwajin asali shi ne ganin ƙwan da madubin likita. Akan karɓi fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, domin a lokacin ne ƙwai ya fi fita, kuma an fi son na ƙarshe-ƙarshe. Sai a tace mililita 10, a duba abin da ya rage a matacin. Ƙwan ta mafitsara yana da ƙaya a ƙarshensa, na ta hanji kuwa ƙayarsa a gefe take, kuma a bahaya ake nemansa, ta hanyar shafa ɗan kaɗan a gilashi. Idan aka ƙirga ƙwai 50 ko fiye a mililita 10 na fitsari, ana lissafa kamun a matsayin mai tsanani.

Akwai kuma 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a fitsari, wadda take sauya launi idan akwai jinin da ido bai gani ba. Tana da araha da sauri, shi ya sa ake amfani da ita a makarantu, sai dai jini take nunawa kawai, ba ta faɗin abin da ya kawo shi. Ga tsargiyar hanji an samar da wani gwajin fitsari da ke gano sinadarin da tsutsar take fitarwa. Hoton ciki kuma shi ke nuna irin ɓarnar da aka riga aka yi wa mafitsara, ƙoda ko hanta.

Gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai isa a ce babu cutar ba. Ƙwai ba ya fita daidai kullum, kuma tsargiyar mafitsara kan ɗauki kusan wata uku daga shiga ruwa kafin ƙwanta ya bayyana. Ɗan kasuwar da ya je sarin tumatir ya wanke ƙafa a kanal, ko ma'aikacin da 'ya'yansa suka yi hutu a ƙauye suka sha iyo, ya kamata ya gaya wa likita wannan tarihin da bakinsa, domin likitan birni ba lallai ya tambaya ba. Shi kuma babban mutum da ya ga jini a fitsari kada ya yanke wa kansa hukuncin tsargiya ce. Tsakuwar ƙoda, ciwon mafitsara da sankara duk suna kawo haka.

Magani, da dalilin da ya sa take dawowa

Maganinta ƙwaya ce da ake rubuta sunanta Praziquantel a jikin kwali, wadda aka samar a Jamus a shekarun 1970. Ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, sha ɗaya, bayan an ci abinci, saboda tana da ɗaci kuma takan sa jiri da murɗar ciki. A makarantu, inda babu sikeli, akan auna tsayin yaro da wata sanda mai alamomi a san yawan ƙwayar da za a ba shi. Kamfanin Merck na Jamus yana bayar da har ƙwaya miliyan 250 kyauta a shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2022, duk al'ummar da kashi 10 cikin 100 ko fiye suke da cutar, a ba kowa magani sau ɗaya a shekara, tun daga ɗan shekara biyu, har da manya. Wannan gyara ne mai muhimmanci ga wuri irin Kura, domin rabon da ya tsaya a makarantu yakan tsallake manomi da masunci da almajiri da yarinyar da ba ta zuwa aji.

Sai dai ƙwayar tana kashe manyan tsutsotsi ne, ba ta cika taɓa ƙananan da ba su gama girma ba, kuma ba rigakafi ba ce. Wanda ya sha yau ya koma fadama gobe, sabon kamu yana jiransa, kuma ba a ce wa mai gonar shinkafa ya daina shiga ruwa. Binciken da aka yi a madatsar Ruwan Sanyi ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa yara maza da samari ne suke zuba mafi yawan ƙwan da ke shiga ruwa, kuma lokacin da suka fi shiga shi ne lokacin da dodon koɗi ya fi sakin 'ya'yan tsutsar. Ke nan masai a bakin gona da hana fitsari a kanal sun fi kusa da tushen matsalar fiye da kowace ƙwaya. Yashe magudanai da cire ciyawar bakinsu na rage dodon koɗin. Akwai kuma maganin feshi da ke kashe shi, amma yana kashe kifi. Takalmin roba mai tsawo na taimakon mai ban ruwa, ko da yake duk wanda ya san zafin Afrilu ya san wuyar wuni da shi.

Ruwan kanal da aka ɗebo don wanka ko wanki a gida yana da sauƙin gyarawa. 'Ya'yan tsutsar ba sa daɗewa da rai idan ba su samu fata ba, don haka ruwan da aka ajiye a randa ko duro na kwana biyu zuwa uku, ba tare da dodon koɗi a ciki ba, ya kuɓuta daga tsargiya, haka ma wanda aka tafasa na minti ɗaya. Ajiyewar ba ta mayar da shi ruwan sha ba, domin ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa mutuwa da ita.